Raunin Da Ba Ya Zubar Da Jini: 'Yan Jarida Da Hotunan Kashe-Kashe A Gabashin Sakkwato

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Karin maganar nan ta dace da zamanin da muke ciki, gama duk mai riƙe da wayar hannu a Arewa ya san yadda abin yake. Da zarar 'yan bindiga sun faɗa wa wani ƙauye, kafin gidan rediyo ya ce uffan, hotuna da bidiyo sun riga sun cika WhatsApp da Facebook. Ga gawawwaki a jere an lulluɓe su da tabarmi, ga rumbuna suna ci da wuta, ga mata suna kururuwa. Yawancinmu idan abin ya ishe mu sai mu kife wayar mu kama wata hidima. Amma akwai wanda ba shi da wannan dama, shi ne ɗan jarida. Aikinsa ne ya kalla, ya sake kallo, ya tsai da hoton ya ƙura masa ido, domin ya tabbatar da gaskiyar abin kafin ya gaya wa duniya.

Likitoci sun tabbatar cewa irin wannan kallo yakan yi wa mutum rauni a zuciya da tunani, ko da bai taɓa taka wurin da aka yi ɓarnar ba. Rauni ne da ba ya zubar da jini, shi ya sa ba a cika lura da shi ba. Amma ana iya rage shi, kuma cikin masu iya rage shi har da kai, mai karatu.

Inda Labarin Ke Fitowa

A da, idan aka ambaci Wurno, abin da ke zuwa a rai shi ne ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837 aka binne shi a can, sai kuma fadamun shinkafa da albasa da tafarnuwa. Rabah ita ce mahaifar Sardaunan Sakkwato, Sa Ahmadu Bello. Goronyo kuwa an san ta da madatsar ruwan da aka kammala a 1984 a kan Gulbin Rima, da kasuwarta mai ci ranar Lahadi.

Tun daga 2018 sunayen garuruwan nan suka soma fitowa a labarai saboda wani dalili dabam. A watan Yuli na shekarar, 'yan bindiga suka kashe sama da mutum 30 a Tabanni da kewayenta, cikin gundumar Gandi ta ƙaramar hukumar Rabah. A watan Yuni 2019 aka sake kashe mutum 25 a wasu ƙauyukan Rabah ɗin. Ranar Lahadi 17 ga Oktoba 2021 aka buɗe wuta a kasuwar Goronyo tana tsakiyar ci, Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya tabbatar da mutuwar mutum 43. A farkon Disamba na wannan shekara aka cinna wa motar fasinja wuta kusa da Gidan Bawa, a yankin Sabon Birni da Isa, 'yan sanda suka ce mutum 23 ne suka ƙone. A watan Yuli 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, aka fitar da bidiyonsa a ɗaure yana roƙon a cece shi, a watan Agusta kuma aka ji labarin kisansa. A ƙarshen Nuwamba 2025 aka kwashe amarya da ƙawayenta a ƙauyen Chacho na ƙaramar hukumar Wurno.

Kusan kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya zo da nasa hotunan. Wasu mutanen gari ne suka ɗauka domin duniya ta shaida, wasu kuwa maharan ne da kansu suka ɗauka domin su tsorata jama'a, kamar yadda Bello Turji da yaransa suka sha yi. Jama'armu kuma ba su manta da bidiyon kisan ɗalibar nan Kirista a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari a birnin Sakkwato ba, ranar 12 ga Mayu 2022, wanda ya zaga duniya cikin sa'o'i kaɗan. Duk waɗannan sun bi ta idon wani wakili ko wani edita, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

Don Me Sai Ya Kalla?

Wani zai ce, to, wa ya aike shi? Amsar ita ce, mu ne muka aike shi, mu masu son jin gaskiya. Hanyoyin ƙauyukan nan sun zama masu hatsari, musamman waɗanda suka ratsa dajin Gundumi. Wakilin da ke zaune a Sakkwato sau da yawa ba ya iya zuwa da ƙafarsa, sai ya dogara ga abin da aka turo masa ta waya. Sa'ad da gwamnati ta katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar a watan Satumba 2021, har da Goronyo da Rabah, labarin harin kasuwar Goronyo bai iso birni da wuri ba. Wannan ya nuna yadda wayar ta zama idon ɗan jarida a wannan yanki.

Amma ba duk abin da aka turo ne gaskiya ba. A watan Yuni 2018, lokacin rikicin Gashish a Jihar Filato, an yaɗa munanan hotuna a Facebook da sunan abin da ke faruwa a can. Daga baya binciken BBC ya gano cewa ɗaya daga cikin bidiyon a ƙasar Kwango aka ɗauke shi shekaru da dama kafin nan, alhali an riga an tare hanya an kashe matafiya da sunan ramuwa. Saboda haka ɗan jarida na kirki ba ya karɓar hoto da ka. Sai ya duba irin ginin gidajen, da suturar mutanen, da itatuwan wurin, ko damina ce ko rani. Sai ya kasa kunne ya ji karin harshen, ko Sakkwatanci ne ko na wata ƙasa. Wani lokaci sai ya ƙidaya gawawwakin ɗaya bayan ɗaya, domin hukuma ta faɗi adadi, mutanen gari sun faɗi wani.

Ƙa'idojin aikin jarida da aka amince da su a Ilorin a 1998 sun hana nuna wa jama'a munanan hotunan zubar da jini. Ƙa'ida ce mai kyau, tana kare mai karatu da 'ya'yansa. Sai dai kafin a san abin da za a ɓoye, dole wani ya gan shi dukansa. Wannan wanin shi ne muke magana a kansa.

Abin Da Likitoci Suka Gano

Farfesa Anthony Feinstein, likitan ƙwaƙwalwa a Jami'ar Toronto ta ƙasar Kanada, ya daɗe yana nazarin lafiyar 'yan jarida. A 2002 ya bincika 'yan jarida 140 masu ɗauko labarin yaƙi, ya tarar kusan kashi 29 cikin ɗari sun taɓa fama da ciwon firgita da kan biyo bayan ganin masifa. A 2014 ya juya ga waɗanda ba sa zuwa fagen fama, watau 'yan jarida 116 da ke zaune a ofis suna tantance hotunan da jama'a ke turowa. Su ma ya same su da alamun damuwa da firgita. Abin da ya fi muhimmanci cikin bincikensa shi ne, yawan maimaita kallon kullum ya fi tsawon lokacin kallon yin lahani. Yau da gobe, in ji masu iya magana, ba ta bar komai ba.

A 2015 wata ƙungiya mai suna Eyewitness Media Hub ta tambayi mutum 209, 'yan jarida da ma'aikatan kare hakkin ɗan Adam da na agaji. Kashi 40 cikin ɗari suka ce kallon irin waɗannan hotuna ya taɓa zamansu na gida. Da yawa sun ce muryoyin da ke cikin bidiyo sun fi hoton tsayawa a rai, haka kuma hoton da ya faɗo wa mutum ba shiri ya fi wanda ya shirya wa gani ciwo.

Bayan fashewar bam a gasar gudu ta birnin Boston a Amurka cikin Afrilu 2013, masana a Jami'ar Kalifoniya sun gano wani abin mamaki. Waɗanda suka riƙa shafe sa'a 6 ko fiye a kullum suna bin labarin a talabijin da intanet sun nuna alamun firgita fiye da waɗanda abin ya faru a kusa da su. A wannan shekara ta 2013 ne kuma babban littafin da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ke aiki da shi wajen gane cututtuka ya yarda cewa wanda aikinsa ya tilasta masa maimaita kallon munanan abubuwa, ko ta na'ura ne, zai iya kamuwa da ciwon.

Ɗan Gida Ya Fi Jin Zafi

Idan haka abin yake ga Baturen da ke zaune a Landan yana kallon ƙasar da bai taɓa zuwa ba, ina ga ɗan Wurno ko ɗan Gandi da ke aiki a wani gidan rediyo a Sakkwato? Shi yana jin kowace kalma da mai kukan ke faɗi. Ya san kwanar da aka tare motar, wataƙila ya bi ta makon jiya. Yana kallo gabansa na faɗuwa kada ya ga fuskar da ya sani. Kafin ya gama, 'yan'uwa sun soma bugo masa waya suna tambaya ko ya ga sunan wane. Idan ya tashi daga aiki kuma, maganar da ake yi a majalisa da wurin mai shayi ita ce dai wadda ya baro a ofis.

Feinstein da abokan aikinsa sun ga irin wannan a Kenya a 2015. 'Yan jaridar da suka ɗauko labarin rikicin zaɓen 2007, inda maƙwabci ya tasam ma maƙwabci, sun fi nuna alamun firgita a kan abokan aikinsu da ba su ɗauko shi ba, alhali ba a ga irin wannan ƙari ba a wurin waɗanda suka ɗauko labarin harin kantin Westgate na 2013.

A Kenyar ne kuma aka ga abin da kallo zalla ke yi. A Nairobi akwai wani kamfani mai suna Sama da ya ɗauki ma'aikata suna tace abin da ake ɗorawa a Facebook cikin harsunan Afirka, har da Hausa. A 2023 sama da mutum 180 daga cikinsu suka kai ƙara kotu, a ƙarshen 2024 kuma takardun likita da aka miƙa wa kotun suka nuna sama da 140 suna fama da ciwon firgita. Cikin ma'aikatan akwai 'yar Nijeriya, Kauna Malgwi, wadda ta yi aikin tace abin da aka ɗora da Hausa, ta kuma fito fili ta ba da labarin rashin barci da faɗuwar gaban da ta sha. BBC ta sa ta cikin fitattun mata 100 na shekarar 2024. Tun a 2020 kamfanin Facebook ya yarda ya biya dala miliyan 52 ga masu irin wannan aiki a Amurka. Ashe ke nan ba ragwanci ba ne, ba kuma shagwaɓar Turawa ba ce.

Alamun Da Za A Lura Da Su

Ciwon ba ya zuwa da sallama. Mutum yakan soma da rashin barci ko munanan mafarkai. Hoton da ya gani sai ya riƙa dawo masa yana cikin cin abinci, ko yana wasa da 'ya'yansa. Ƙarar babur ko bugun ƙofa sai ta razana shi. Wani yakan zama mai saurin fushi a gida, wani ya janye daga mutane, wani kuma zuciyarsa ta bushe har ya ga gawar yaro bai ji komai ba, sa'an nan ya riƙa zargin kansa a kan haka. Akwai mai fama da ciwon kai da ciwon ciki an yi ta gwaji ba a ga komai ba. Akwai kuma mai neman mafaka a giya ko ƙwayoyi irin su tiramadol, nan kuwa an gudu ne ba a tsira ba.

Jin irin wannan na 'yan kwanaki bayan ganin abu mai muni ba cuta ba ne, halin ɗan Adam ne. Amma idan ya wuce wata guda, ko ya hana mutum aiki da zaman lafiya da iyalinsa, ko ya soma tunanin hallaka kansa, to, a nemi likita ba tare da jinkiri ba. Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya yana nan a Kware, maƙwabciyar Wurno, ga kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a cikin birni. Zuwa Kware ba ya nufin mutum ya haukace, kamar yadda zuwa asibitin ido ba ya nufin mutum ya makance.

Rigakafi Ya Fi Magani

Cibiyar Dart, wadda ta yi shekaru a Jami'ar Kolambiya ta birnin Niyok tana koyar da 'yan jarida kan wannan al'amari, ta kwatanta munanan hotuna da haske mai lahani ga jiki, irin wanda ke fita daga na'urar ɗaukar hoton ƙashi a asibiti. Ma'aikacin da ke kula da na'urar ba ya gudunta, amma yana auna yawan hasken da ke shiga jikinsa. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Ga kaɗan daga cikin hanyoyin aunawar, kuma babu wadda ke bukatar kuɗi.

Na fari, kafin ka buɗe bidiyo ka tambayi kanka, me nake nema a ciki? Idan abokin aiki ya riga ya tantance shi, ba dole sai kai ma ka gani ba. Na biyu, ka kashe sautin a kallon farko, sai in akwai bukatar jin karin harshe ka kunna na ɗan lokaci. Na uku, ka rage girman hoton da haskensa, ko ka mai da shi fari da baƙi, ko ka rufe wurin da ya fi muni da 'yar takarda, ka duba gefen da kake bukata. Na huɗu, ka riƙe biro tun kallon farko, ka rubuta abin da ka gani da daidai mintin da yake, domin kada ka yi ta komawa baya.

Na biyar, ka shiga saitin WhatsApp da Facebook ka hana hotuna sauka da kansu, ka hana bidiyo kunna kansa. Na shida, ka sa wa kowane fayil suna mai gargaɗi, kada kuma ka bar shi a wayar da matarka ko 'ya'yanka ke ɗauka. Na bakwai, kada ka yi wannan aiki a kan gado ko dab da barci. Ka yi shi da rana, a wurin aiki, in ka gama ka tashi ka taka ƙafa, ka sha ruwa, ka yi hira da wani a kan wani abu dabam. Na ƙarshe, ka sami mutum ɗaya amintacce wanda za ka iya ce masa, yau na ga abin da ya tsaya mini a rai.

Nauyin Editoci Da Masu Gidajen Jarida

Ba daidai ba ne a bar wa ma'aikaci wannan kaya shi kaɗai. Sau da yawa ƙananan ma'aikata ne ake ɗora wa aikin duba abin da ke yawo a intanet, domin su suka fi sanin na'ura, su ne kuwa suka fi jin nauyin cewa sun gaji. Ya kamata edita ya riƙa juya aikin tsakanin mutane, ya ba wanda ya kwana kan labarin kisa hutun yini, ya kuma tuna da wakilan ƙauye waɗanda ake biya gwargwadon labarin da suka kawo. Idan ma'aikaci daga garin da aka kai wa hari ya fito, a tambaye shi tukuna ko zai iya. Babba ya soma faɗin abin da ke damunsa, sai na ƙasa su sami bakin magana.

Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Nijeriya, NUJ, tana da reshe a kowace jiha, za ta iya gayyato likitoci su riƙa zama da 'ya'yanta. Doka ma ta canja. A watan Janairu 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma hana nuna wa mai irin wannan lalura bambanci. Saboda haka kada tsoron rasa aiki ya sa wani ya ɓoye ciwonsa.

Namu Rabon

'Yan'uwa, yawancin hotunan nan ta hannunmu suke bi. Suna shiga zaurukan WhatsApp na zumuntar mata, da na matasa, da na mawaƙa, sau da yawa da rubutun a yi addu'a a ƙasansu. Niyyar mai kyau ce, amma ana iya roƙon addu'a da baki ba tare da an tura hoton gawa ba. Wanda ke cikin hoton nan ɗan wani ne, mijin wata ne, ko Musulmi ne ko Kirista, kuma yana da mutuncin da mutuwa ba ta raba shi da shi ba. Bidiyon da maharan suka ɗauka da kansu kuwa, duk wanda ya tura shi gaba ya taya su aikin tsoratarwa ne kyauta.

Idan kana da hoton da kake ganin ya kamata ɗan jarida ya gani, ka fara rubuta masa abin da ke ciki, da inda aka ɗauka, da ranar, da wanda ya ba ka, ka jira ya ce turo. Kada ka jefa masa da tsakar dare. Wannan ɗan ladabi yana rage masa rabin wahala, yana kuma taimakon gaskiya.

A cikin ikkilisiyoyinmu akwai 'yan jarida da masu ɗaukar hoto, haka ma cikin maƙwabtanmu Musulmi. Mun saba yaba musu idan muka ji muryarsu a rediyo, amma da wuya mu tambaye su yadda suka kwana. Fastoci da dattawa su sani cewa mai wannan ciwo ba ƙarancin bangaskiya ke damunsa ba. Ikkilisiyar EYN ta koyi wannan darasi bayan masifar Boko Haram ta 2014, sa'ad da ta shiga shirya tarurrukan warkar da raunin zuciya ga mutanenta. A saurari mutum da haƙuri, a yi addu'a tare da shi, a kuma raka shi wurin likita idan abin ya kai ga haka.

Mutanen Tabanni da Goronyo da Chacho suna bukatar wanda zai ba da labarinsu daidai, bana da baɗi, har ranar da za a daina kashe su. Wanda zai yi wannan aiki kuwa sai mai lafiyar jiki da ta zuciya. Allah ya kiyaye masu kawo mana labari, ya ta'azantar da waɗanda aka yi wa rashi, ya maido da salama a gabashin Sakkwato da ƙasarmu baki ɗaya. Amin.